Daɓe Kafin Gini

Ana idar da sallar asuba muka ɗauki hanya daga Yamai, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa da na'urar sanyinta ta mutu tun bara yana ta alkawarin gyara. Yara na bar su wajen babansu. Ku da kuke bibiyata kun san abin da ya tashe ni, don na ishe ku da zancen: filin da na gada daga mahaifina a bakin tabkin Madarumfa, da ɗan gidan hutun da na ƙudura zan gina a kansa, na ƙasa. Wasunku sun yi mini fatan alheri. Wasu kuma sun bi ni ta bayan fage suna tambaya ko an sallame ni daga aiki ne. Ba a sallame ni ba. Ina nan ina koyarwa, albashina yana shigowa, kuma ginin ƙasa nake so.

Wanda ya taɓa yin bazara a Yamai cikin ɗakin bulo mai rufin kwano, aka ɗauke wuta da tsakar rana, ba zai tambaye ni dalili ba. Ni na yi wayo a soron kakata. Rana tana tsaka a waje, kai kana ciki kana neman mayafi. Ina so 'ya'yana su san wannan sanyin da jikinsu, ba a bakina kawai ba.

Hanyar Maraɗi doguwa ce, kuma ba ta ragwanta wa mai tsohuwar mota. Mun karya kumallo a Doso da shayi da burodi. Daga Dogon Dutsi rana ta buɗe sosai, muka zuge gilasai, iska mai zafi tana dukan fuska. A kowane shinge jandarma zai leƙo, ya dubi takardu, ya dubi ƙanena, ya dubi motar, kamar yana jin tausayinmu duka uku. A Birnin Ƙonni muka ci balangu mai kitse, a Galmi kuma na kasa wuce albasa. Kashin da nake saye dala ɗari biyu a unguwarmu, a nan an ba ni shi a ƙasa da rabin haka, har da gyara. Ƙanena ya yi ta mita cewa motarsa za ta yi wata guda tana warin miya.

Abin da na fi kallo a hanya shi ne gine-gine. Kusan kowane gari muka ratsa akwai gidajen bulo da aka kai rabi aka tsaya, rodi ya yi cirko-cirko a sama yana tsatsa. Waɗanda aka gama kuma da yawansu da kwaɗo a ƙofa, ciyawa ta bushe a bakin zaure. A gefensu tsofaffin soraye suna narkewa, ba mai waiwayarsu. Na nuna wa ƙanena, ya ce in bar shi ya ji da ramukan hanya.

Mun kwana Maraɗi gidan wata 'yar uwa, da hantsi muka nufi Madarumfa. Gulbi ya ƙafe sai rairayi, amma lambuna kore shar, zogale da tumatir da tattasai, injinan ban ruwa suna ta ƙugi. 'Yan kabu-kabu suna wuce mu da lodi fiye da na motarmu. Da muka hango tabkin sai na tuna rabona da wurin tun rasuwar Baba. Ruwan ya ja baya kamar yadda yake yi kowace bazara, masunta suna kwance a kan gora can tsakiya. Kafin mu shiga gida sai da na tsayar da mota na sayi soyayyar karfasa, aka barbaɗa mata yaji, na ci a tsaye ba kunya.

Babban gidanmu yanzu a hannun Baffa yake, ƙanin mahaifina. Dattijo ne mai tsare gida, ba ya son wargi, kuma da sanda yake tafiya. Tun ina ƙarama nake jin cewa wata damina ɗaki ya faɗa masa ya karya shi a ƙugu. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, aka yi ta gaisuwa har sai da aka tambayi lafiyar maƙwabtanmu na Yamai da bai taɓa gani ba. Bayan la'asar na zauna gefen tabarmarsa na buɗe zanen gidan.

Bari in gaya muku abin da ke cikin zanen, don na sha wahalarsa. Ɗakuna biyu ne da rumfa mai kallon tabki. A kan tudun filin za a kafa shi, ba a kwari ba. Harsashi na dutsen marmara, ya ɗago sama da ƙasa yadda ruwan da ke gudu ba zai lashi gindin bango ba. Bango na tubali, irin wanda ake mulmulawa da hannu, mai kauri a ƙasa yana sirancewa sama. Rufi na azara da ƙasa, da indararo dogaye masu zubar da ruwa nesa. Azara ta yi wuya yanzu tunda an hana saran giginya, kuma daidai ne a hana, don haka na sa a nemo mini tsofaffi daga sorayen da suka rushe, tunda gara ba ta cin su. Tagogi ƙanana a sama. Rumfa ta zana da igiyar kaba. Makewayi kaɗai na yarda a sa wa siminti, don ni ba gaba nake da siminti ba, na san inda yake da amfani.

Baffa ya saurare ni har na gama. Bai ko taɓa takardar ba.

"Ɗiyata," ya ce, "ubanki ya sa ki lakwal kin yi boko don ki hita cikin laka. Kin gama, kin zama madam, sannan ki dawo garin ga ki ce laka kike so? Mi mutane za su ce? Su ce ɗiyar wane ta karye, ko su ce mu munka hana ta gini na kirki."

Na ce, "Baffa, su faɗi abin da suka ga dama. Ni zan kwana ciki."

"Ki yi na siminti, gobe in sa a hwara. Na ƙasa kam ban sa hannu. Kuma ki sani, ruwan hwari na sauka za a shibka wurin, ba a barin hili banza."

Maganar ƙarshen ce ta fi damuna. Duk wanda ya fito daga ƙauye ya san abin da take nufi. Filin mace in aka shuka shi bana da sunan aro, baɗi za a ce a bari a cire amfani, shekara ta gaba kuma ya zama gonar wani ɗan Baffa, in ka yi magana a ce ka cika son abin duniya. Ba na zargin Baffa da cin amana. Na dai san yadda abin yake tafiya a hankali ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba. In ban kafa wani abu a wurin kafin damina ba, na yi sallama da shi.

Washegari na tafi wajen magina da kaina. Akwai dattijo ɗaya da har yanzu hannunsa ya san tubali, da 'ya'yansa. Ya ga zanen ya yi murna har ya kasa ɓoyewa, ya ce rabon da a nemi ya ɗaura azara har ya manta. Amma da na ce yaushe za mu fara, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, sai Baffanki ya ce. Ba mu aza tubali inda maigida bai yi bismilla ba." Na je wajen wani, amsa ɗaya. Na dawo gida raina a ɓace, na ƙi cin tuwo, ƙanena yana ta lallashina wai in yi bulo in shafe shi da jar ƙasa a waje, ba mai ganewa. Na ce masa zafi zai gane.

Da na rasa inda zan sa kaina sai na tafi wajen Gwaggo. Ita ce yayar su Baba, babbarsu duka, kuma ita kaɗai ce a duniya take kiran Baffa da sunan yarinta ya amsa. Daddawa take yi. Na same ta a tsakar gida tana sheƙe kalwa, ga ɓawon ɗorawa tuli guda a gefe. Da shi ake yin makuba, wadda ake jiƙawa a yayyafa wa daɓe ko a shafe bango, ya yi ƙarfi ruwa ya kasa cinsa. Ta ce yanzu ba mai nema, sai dai a zubar. Ta shiga faɗan amaren zamani, wai ko madaɓi ba su iya riƙewa ba, katakon nan mai faɗi da mata ke dukan ƙasan ɗaki da shi har ya yi santsi. Ta ce nata yana ƙarƙashin gado, jikoki suna wasan mota da shi.

Ina jin haka wani tunani ya faɗo mini. Na ce, "Gwaggo, shi daɓe sai an nemi izinin namiji?"

Ta dube ni sheƙeƙe. "Yaushe namiji ya san daɓe? Gini nasu ne, daɓe namu ne tun kaka da kakanni."

"To ni daɓe nake so a yi mini."

"Ina ɗakin?"

"Babu. Daɓen za a fara."

Gwaggo ta ajiye faifai ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta gama ta goge ido da bakin zane, ta dube ni, na ga ta gano inda na dosa. Ta ce in tashi in nemo amalanke.

Ga waɗanda ba su sani ba, daɓe shi ne aikin ƙarshe a gini. Sai an tada bango, an yi rufi, an yi yaɓe, sannan mata su shigo su daɓe ƙasa. Ba wanda ya taɓa farawa da shi, don daɓen da ba rufi ruwan sama ɗaya ya ishe shi. Ni ma na sani. Amma na san wasu abubuwa biyu kuma. Ba namijin da zai sa hauya ya farfasa wurin da matan gari suka taru suka daɓe, ya ce zai shuka gero. Kuma Baffa ba zai zauna yana kallo ruwa ya cinye aikin hannun yayarsa ba.

Makubar Gwaggo ba za ta isa ba, don haka muka bi amalanken jaki zuwa wani ƙauye ta wajen Safo, inda ƙawarta take. Tafiyar amalanke a rairayi tana koya wa mutum haƙuri. Jakin yana tsayawa duk inda ya ga inuwa, mai shi yana roƙonsa kamar suruki. Gidan da muka je na mutanen da har yanzu suke kan addinin kakanni ne, kuma a can na ga ginin ƙasa da ake kula da shi yadda ya kamata: bango sumul, rumbuna a jere, daɓen tsakar gida baƙi wuluk yana ƙyalli. Ƙawar Gwaggon ta ba mu makuba buhu-buhu, ta ƙi karɓar ko dala. Da ta ji abin da za a yi da ita sai ta ɗauko nata madaɓin ta hau amalanke, ta ce ba za a ba ta labari ba.

Ni na shata wurin da toka, ɗaki biyu da rumfa, daidai yadda yake a zane, ƙanena yana riƙe mini igiya yana waige-waige kada Baffa ya gan shi. Aka kwaso tsakuwar marmara aka baje, aka yi ta jido ruwa daga tabki ana jiƙawa. Ranar daɓen na zaci tsofaffi kaɗan za su zo. Sai ga mata ta ko'ina, har da matar Baffa da surukansa, kowa da madaɓinta, wasu an ciro su daga cikin tarkace ko ƙurar ba a kaɗe ba. Suka jeru a durƙushe, Gwaggo ta ba da waƙa, katako ya fara sauka tare. Ana jin dukan har bakin kasuwa.

Maza kuwa sun sami abin yi. Suka taru a gindin bishiyar bedi suna kallo, ana ta shewa. Wani ya ɗaga murya ya ce a tambayi madam ta ina ake shiga ɗakin, kada ya yi kuskure ya bi ta bango. Na ce masa ya bi ta inda ya ga dama, amma ya cire takalmi. Wani ya ce karatun boko ne ya yi mata yawa. Ni dai na karɓi madaɓi na shiga layi. Kafin azahar tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa, bayana kamar ba nawa ba, amaren da Gwaggo ke zagi suna yi mini dariya don sun fi ni iyawa. Ban tashi ba sai da aka yayyafa makuba ta ƙarshe. Da wurin ya sha iska ya yi duhu, ya yi santsi, muka rufe shi da zana. Na tsaya a tsakiyar ɗakina da ba bango, ina kallon tabki, na ji daɗin da na daɗe ban ji ba.

Kwanakin da suka biyo baya in na gaida Baffa sai ya amsa a taƙaice ya juya ga carbinsa. Hutuna ya ƙare, muka ɗaura kaya. Na riga na saddaƙar cewa zan koma Yamai da daɓe kawai, in zauna ina kallon sama ina fargaba.

Da safen da za mu tashi na je yi wa filin kallon ƙarshe, sai na tarar da shi a can, shi da Gwaggo. Ya sa an yaye zana ɗaya, yana ƙwanƙwasa daɓen da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba ya fara tambaya.

"Ƙohwa ina ta duba?"

"Yamma, Baffa. Ruwa daga gabas yake bugowa."

"Gindin bango hwa?"

"Marmara, har gwiwa."

Ya tambayi indararo, ya tambayi kaurin bango, ya tambayi inda za a ɗebo ƙasa. Duk na ba shi amsa, kuma na ga haushi yake ji da bai sami inda zai kama ni ba. Sai ya jingina da sandar ya ce, "To yaɓe hwa? Ginin ƙasa kowace shekara sai an bi shi kahin ruwa. Wa za shi yi?"

Na ce, "Ni. Zan riƙa zuwa."

Sai ya ce, "Ɗakin da ya hwaɗa mani, kin san na wa ne? Na ubanki ne. Shi ya gina shi da hannunshi kahin shi tahi Yamai aiki. Shi ma cewa ya yi za shi riƙa zuwa yaɓe. Ina kwana ciki don kada shi zama kango, ina jiran shi."

Shekara da shekaru ina ganin sandar nan, ban taɓa sanin ɗakin wa ba ne. Na dubi Gwaggo, ta kawar da kai, na san gaskiya ne. Na so in kare Baba, in ce aiki ne ya riƙe shi, in ce yana aiko da saƙo. Na haɗiye, don Baffa ya fi ni sanin duk wannan.

Na ce, "Allah ya jiƙan Baba. Amma Baffa, ni ba shi ba ce. Shekarar da ban zo yaɓe ba, kada ka jira ya faɗi, kuma kada kowa ya kwana ciki. Ka sa a rushe shi, a shuka gero."

"Kin hwaɗa da bakinki, gaban gwaggonki."

"Na faɗa."

Ya juya ga ƙanena ya ce ya je ya kira magina. Ya ƙara da cewa ba don ni ba ne, daɓen yayarsa ne ba zai sha ruwan sama yana raye ba. Dattijon magini ya zo yana murmushi, ya zagaya wurin, ya ce tunda yake bai taɓa gina ɗaki a kewayen daɓe ba, sai dai ya zuba rairayi a kai kada yaransa su lalata shi. Baffa ya yi bismilla, ya kafa turken farko a kusurwar gabas. Ko da muka yi sallama bai saki fuska ba, ni ma ban nemi ya saki ba.

Mun kamo hanya rana ta riga ta ɗaga, muka kwana a Ƙonni don motar ta fara tari. Ban yi surutu a dawowa ba, har ƙanena ya tambaya ko ba ni da lafiya. Gidajen nan masu kwaɗo da na yi ta zagi a zuwa, na sake kallonsu. Har yanzu ba na son su. Amma na gane abin da ya sa dattawa ke cewa a yi na siminti: shi in mai shi ya yi shekaru bai zo ba, ba ya faɗa wa kowa. Mun iso Yamai lafiya bayan azahar, muka tarar an ɗauke wuta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na tafi da shirin faɗa da masu raina ƙasa, kuma suna nan da yawa, kuma har gobe ban damu da bakinsu ba. Gidana na ƙasa zan yi, ana mulmula tubalinsa yanzu haka. Sai dai Baffa ba ya cikin masu raina ƙasar. Shi ya san abin da ban sa a zanena ba, cewa ginin ƙasa ba ya tsayuwa sai da mai dawowa. Na tara yara na gaya musu cewa daga bana hutunmu na kowace shekara da kwaɓa ƙasa zai fara. Babbar 'yata ta turo baki ta ce wannan ai ba hutu ba ne. Ban yi mata gardama ba. Na dai ce ta yanke farcenta, akwai yaɓen da kakanta bai je ya yi ba, mu za mu je.